Ba Wabi Ba Ne



Ɗanmu na fari ya rasu cikin hunturu, yana da shekara uku da ƴan watanni. Tun bai fara tafiya ba yatsunsa na hannu da na ƙafa suke kumbura, ya kwana yana kuka, idanunsa kuwa kamar na mai ciwon shawara. Na biyun bai kai yaye ba. Daga nan tsofaffin gidanmu suka fara faɗar kalmar nan ƙasa-ƙasa: wabi. Mun karɓi ƙaddara, mun yi haƙuri, amma ba mu san sunan abin da ya raba mu da su ba sai da Allah Ya ba mu ɗiya a 2017.

Da ta fara irin wannan kumburi, sai wani likita a nan Maraɗi ya sa aka auna jininta da namu. Ita SS, mu biyu kuwa AS. Amosanin jini ne, wato sikila. Ya zana mana a takarda cewa kowane ciki yana zuwa da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma cikin jiya ba ya rage wa na gobe komai. Ƙwayar jinin mai lafiya takan yi kwana 120, ta mai sikila kuwa da wuya ta wuce 20, ga shi tana lanƙwashewa kamar lauje ta toshe ƙananan jijiyoyi. Tun ranar aka daina yi wa uwar gida wani irin kallo, domin takarda ta nuna gadon na mutum biyu ne.

Bayan an yi mata ƙarin jini sau biyu, likita ya rubuta mata haidiroksiyuriya. Wanda ya yi lakwal a cikinmu ya warware takardar cikin kwali, ya karanta Faransancin, sai ya ga maganin sankarar jini ne. Gabanmu ya faɗi. Mako biyu kwalin yana bisa kabad ba mu taɓa shi ba, muna cewa ko dai likita ya ɓoye mana wani abu ne.

Da muka koma muka tambaye shi, bai yi fushi ba. Gaskiya ne, in ji shi, don masu ciwon daji aka fara amfani da shi. Daga baya masu bincike suka lura yana sa jiki ya koma ƙera irin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifa, wanda ba ya lanƙwashewa. A 1995 wani babban gwaji a Amurka ya nuna ya rage wa manya tashin ciwo da kusan rabi. Mu dai abin da ya dame mu shi ne, yaran can ba su san cizon sauro irin namu ba. Ashe likitoci ma sun yi wannan fargaba, shi ya sa aka gwada shi a kan yara sama da 600 masu shekara 1 zuwa 10 a Angola, da Kwango Kinshasa, da Kenya, da Uganda. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna tashin ciwo ya ragu da kusan rabi, mace-mace suka ragu da kusan kashi biyu cikin uku, har zazzaɓin cizon sauron da ake tsoro shi ma ya ragu. A Kano kuma, maƙwabtanmu, an gwada shi a kan yaran da awon jijiyoyin kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka buga sakamakon a 2022, ya kuma ƙarfafa amfani da shi don kare su.

Mun daɗe muna tunanin iyayen waɗannan yara. Su ne suka sa hannu a lokacin da babu wanda zai ba su tabbaci, mu kuwa da tabbacin ya iso har gida, muka bar shi bisa kabad.

Ba wannan ne karo na farko da masu sikila suka ci albarkacin masu sankara ba. A 1984 aka ba da labarin wata yarinya ƴar shekara 8 a Amurka mai ɗauke da cututtukan biyu. Aka dasa mata ɓargon ɗan uwanta don maganin sankarar, sai sikilar ma ta tafi. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da maganin da ke gyara ƙwayar gado, kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2. Wannan kam mun ji shi ne kamar labarin wata duniya.

Abin da ke hannunmu shi ne ƙwayar kullum, da gidan sauro, da gorar ruwa a jakar makaranta, da awon jini lokaci-lokaci, domin maganin yakan rage wasu ƙwayoyin jini idan ba a sa ido ba. Bai warkar da ita ba, kuma likita bai taɓa ce mana zai warkar ba. Amma Alhamdu lillahi, shekara uku ke nan ba a ƙara mata jini ba. Wahalarmu yanzu ita ce wani watan a nemi maganin a kantunan gari a rasa, sai mun ba direban Yamai ko na Kano saƙo. Ƙanen uban gida zai yi aure bayan girbi, kuma mun riga mun gaya wa tsofaffi cewa ba za a kai goro ba sai an ga takardar awon jinin su biyun. Har yanzu ba su ba mu amsa ba.