Wa Ya Taɓa Zuwa Bangon Duniya?

Ku matso, tunda mu ya mu ne. Wa ke cikinku bai taɓa ƙulla niyyar zuwa bangon duniya ba yana yaro? A lissafinmu na lokacin, duniya faifai ce da aka kifa wa ƙwarya, can bayan gonaki inda sama ta sauko ta taɓa ƙasa nan ne iyaka. Wasu tsofaffi ma cewa suke a kan ƙahon sa take, in ya gaji ya sauya ƙaho sai a yi girgizar ƙasa. Shi san a kan me yake tsaye? Wannan tambayar ranƙwashi take jawowa.

Ni tawa duniyar ba ta da bango sam. Ka wuce Agadas, ka wuce Makka, ka wuce Birnin Sin, ƙasa na ta miƙewa har illa ma sha Allahu. Daɗinta, ba rikicin gona, kowa ya yanki iya ƙarfinsa. Sai dai rana ba ta da gefen da za ta bi ta faɗi. Ka ga babu magariba ke nan, mai azumi ya shiga uku.

Ban ga laifin yaro ba. Mutum a tsaye a fili bai hangen ƙasa fiye da kamar kilomita 5, alhali kewayen duniya kusan kilomita 40,000 ne. Ina ido zai ga lanƙwasa? Shi ya sa wajajen shekarar 830 sai da Halifa Ma'amun na Bagadaza ya tura masana filin Sinjar, suka yi ta awon ƙasa suna duban sama, kafin su ƙiyasta girmanta.

Mu kuwa hujjar lanƙwasar duniya tana cikin gidanmu duk watan azumi. Mutanen Maiduguri kan sha ruwa kusan rabin awa kafin na Sakkwato. Kana kallon talabijin ana raba dabino a Harami, mu a Kano ba a daɗe da sallame la'asar ba, yara na haɗiyar yawu. Da shimfiɗa ce, ai da lokaci guda rana za ta ɓace wa kowa.

Don Allah in an sake husufin wata, kada ku bar yara da buga gwangwani kawai. Ku nuna musu gefen inuwar da ta hau watan, a lanƙwashe yake, kuma inuwar duniyar da suke tsaye a kai ce.