Kafa Rumfa a Kasuwar da Ba Ta Cika Ba

Mu malaman sakandare aikinmu ba ya ƙarewa ranar da yaro ya rubuta jarrabawarsa ta ƙarshe. Bayan shekara biyu ko uku sai ga shi ya dawo, ya tsayar da ƙasumba, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya kawo shawarar da ta fi ƙarfin alli da allo. A da tambayar ba ta wuce shiga soja ko koyon ɗinki ko tafiya kwalejin horon malamai. Yanzu kuwa waɗanda suka sami damar taɓa kwamfuta cewa suke yi, "Malam, wace irin waya zan koyi ƙera wa manhaja?" Daga cikinsu akwai masu wani tunani da ya sa muka ɗauki alƙalami, wato su ƙyale Android da iPhone inda cunkoso ya yi yawa, su koma wa KaiOS, babbar manhajar da ke tafiyar da wasu ƙananan wayoyi masu madannai, domin a ganinsu can babu abokin gasa.

Kafin mu ce uffan, ya kamata mai karatu ya san asalin abin. Kamfanin Mozilla ne ya fito da wata babbar manhajar waya mai suna Firefox OS a 2013, ba ta karɓu ba, ya janye hannunsa daga wayoyi a ƙarshen 2015. Daga ɓurɓushinta aka gina KaiOS, wadda ta bayyana a 2017. Ta yi farin jini nan da nan saboda attajirin nan na Indiya, Mukesh Ambani, ya ɗora ta a kan wayarsa JioPhone, wadda a wancan lokaci talaka ke karɓa idan ya ajiye rufi 1,500. A 2018 kamfanin Google ya zuba mata dala miliyan 22, a shekarar kuma aka ga Nokia 8110 mai siffar ayaba ɗauke da ita. Kafin 2019 ta ƙare an ce wayoyinta sun haura miliyan 100. A nan gida ma ta iso, domin kuwa MTN ya kawo tasa wayar mai KaiOS a 2019, a kan kuɗin da ke wajen dala 20.

To, ba mu ga laifin yaron da ya dubi waɗannan alkaluma ransa ya biya ba. Manhajoji a kantin Google sun kai miliyoyi. Wanda ya kai tasa can tamkar ya jefa allura ne a rijiya. A kantin KaiOS kuwa kayan kaɗan ne, saboda haka ko manhajar lissafin bashi ka ƙera za a gan ta. Bugu da ƙari, masu riƙe da irin wannan waya mutanenmu ne: mai shayi, da ɗan dako, da gyatumar da jikanta ya saya mata don ta riƙa jin muryarsa. Yaron da ya ce su zai yi wa aiki, ai abin a sa masa albarka ne.

Sai dai sana'a ba a auna ta da kyakkyawar niyya kaɗai, ana auna ta da abin da za a kai gida da yamma. A nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya sayi wayar dala 20 ya saye ta ne don ba shi da kuɗin babba, kuma ba zai cire kuɗin cefane ya sayi manhaja ba. Hanyar da ta rage wa mai ƙera manhaja ita ce talla, ta tsarin da kamfanin ya kira KaiAds. Masu talla kuwa 'yan kasuwa ne, sun san aljihun wanda ke kallon tallar, gwargwadon nauyin aljihun gwargwadon abin da suke biya. Ga shi mai ƙaramar waya yana tattalin data kamar yadda uwargida ke tattalin man gyaɗa a ƙarshen wata, ya kunna ya duba saƙo ya kashe. Miliyan 100 ɗin nan ma da ake ambato, mafi yawansu a Indiya suke, kuma wayoyin Jio kantinsu daban ne, JioStore, sai da yardar masu shi kayanka zai shiga.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yadda rayuwar kasuwar gaba ɗaya ta rataya a wuyan baƙo. Jama'a ba don KaiOS suka sayi wayar ba, akasarinsu ko sunan ba su sani ba. Sun saya ne don an ce tana yin WhatsApp. A 2024 WhatsApp ya daina karɓar sababbin masu rajista daga waɗannan wayoyi, a farkon 2025 kuma ya janye baki ɗaya. Tun kafin haka, a 2021, Jio da kansa ya haɗa kai da Google suka fito da JioPhone Next wadda aka gina a kan Android. A ɗaya ɓangaren ga Itel da Tecno suna ta sauko da farashin wayoyin shafawa, ga kuma na hannu cike da kasuwa. Duk wanda ya leƙa Farm Centre a Kano ya san haka. Yaron da ya kafa rumfarsa a can bai yi wa kowa laifi ba, manhajarsa ma tana iya zama mai kyau, amma an yanke hukuncin cinikinsa a wani ofis a Amurka ba tare da an san da zamansa ba.

Wannan kuma ba farau ba ne. Mu da muka riƙe Nokia a zamanin da take tashe mun tuna Symbian, wadda ta taɓa zama sarauniyar wayoyin duniya. A watan Fabrairun 2011 shugaban Nokia, Stephen Elop, ya sanar da komawa Windows Phone, daga farkon 2014 aka daina karɓar sababbin manhajojin Symbian. Waɗanda suka bi ayari zuwa Windows Phone su ma ba su tsira ba, don a 2017 Microsoft ya ce ya daina ƙara mata wani sabon abu. BlackBerry kuwa ta rufe hidimar tsofaffin wayoyinta a Janairun 2022. Waɗannan fa manyan kamfanoni ne masu biliyoyin daloli. Yau Android da iPhone ke riƙe da mafi yawan kasuwar manyan wayoyi.

Duk da haka ba mu cewa yaro ya guje ta kamar kuturta, saboda akwai wani bambanci da ya kamata a yi wa KaiOS adalci a kansa. Masu ƙera wa Symbian manhaja sun sha wahalar koyon wani nau'in C++ mai ƙa'idojin da ba a amfani da su a ko'ina sai can, da ta faɗi sai da yawansu suka koma ɗalibai. Manhajar KaiOS kuwa da HTML da CSS da JavaScript ake rubuta ta, wato kayan aikin da ake gina shafukan intanet da su a duk duniya. Haka nan wanda ya saba cusa aikinsa cikin wayar da ƙwaƙwalwarta ba ta wuce megabait 256 ko 512 ba, da fuskar da ba ta kai inci uku ba, ya koyi tsimi, ya koyi zubar da abin da ba dole ba. Marubutan da ke karanta wannan mujalla sun san irin wannan horo, domin wanda edita ya taɓa ce wa ya mayar da shafi goma zuwa uku ba ya komawa yadda yake.

Saboda haka idan sun zo, abin da muke gaya musu shi ne su koyi JavaScript sosai da sosai, su ƙera manhaja ɗaya ko biyu a KaiOS in suna sha'awa, su kammala ta har wani ya yi amfani da ita, sannan su ajiye ta cikin ayyukan da za su nuna wa mai ɗaukar ma'aikata. A takardar neman aiki kuma su rubuta cewa su maginan shafuka da manhajojin intanet ne, sunan KaiOS ya zo daga baya a jerin abubuwan da suka taɓa yi. Wanda kuma ya dage sai ya zauna a can ɗungurungum, mukan tambaye shi ko akwai wani kamfani ko wata ƙungiya da ta yi alkawarin biyan sa a kan aikin, nawa ne, kuma na wata nawa. In ya ce babu, sai mu ce ya mayar da ita aikin Asabar da Lahadi.