Yaba Kyauta Tukwici, To Mai Kawo Abincin Saye Fa?

Tun kafin a san otal ko gidan cin abinci a ƙasar Hausa da ta Barno akwai wata ƙa'ida wadda ba a rubuta ta a takarda ba, amma da wuya a sami gidan da bai san ta ba. Idan aka aiko yaro da kwanon tuwo, ko cinyar ragon Layya, ko ƙwaryar goro, ba a barinsa ya juya hannu rabbana. Sai maigida ya laluba aljihu, ko uwargida ta kwance bakin zane, a miƙa masa ɗan wani abu a ce, "Ungo tukwici, ka gaida mutanen gidan." Wannan shi ne asalin karin maganar nan da ke cewa yaba kyauta tukwici. Masu lura da al'ada sun ce a da akan kimanta shi da misalin ushirin abin da aka kawo, wato kashi ɗaya cikin goma, kuma galibi rabon ɗan aiken ne, saboda shi ya taka ƙasa.

To, wannan duka a kan kyauta ke nan. Yanzu zamani ya zo da wata tambaya wadda kakanni ba su bar amsarta a shirye ba. Idan abincin saye ne, mutum ya biya kuɗinsa cif, shin yaron da ya kawo shi ƙofar gida, ko yarinyar da ta ajiye faranti ta kwashe, suna da wani rabo a aljihun mai saye? In suna da shi, nawa ne?

Mutanen Nguru da Gashuwa ba baƙin wannan magana ba ne. Tun shekarar 1930 da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano ta tsaya a nan, garin ya zama matattarar fatake. Gyada da fatu da ƙaro da dabbobi da bandar kifi duk a tashar nan ake lodinsu. Inda baƙi suka taru kuwa, dole a hura wuta. Saboda haka 'yan tuwo-tuwo da masu shayi da masu balangu suka kafa bukkoki kewaye da tasha, almajirai na yi musu wanke-wanke da ɗiban ruwa, 'yan mata na kai wa 'yan kasuwa abinci rumfa rumfa. Gashuwa kuma, babban birnin masarautar Bade a gaɓar kogin Yobe, ta ƙara cika bayan an ƙirƙiro Jihar Yobe a 1991, balle da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2013. Malamai da ma'aikata da ɗalibai sun yawaita, da yawansu kuma sun baro iyali a wasu garuruwa. Yau mutum yana zaune a ofis ko a ɗaki sai ya buga waya, kafin wani lokaci ga yaro a kan keke ko cikin Keke Napep da kular abinci.

Akwai wani dattijo a Nguru, tsohon akawun tashar reluwe, wanda ya kama aiki tun ana ciniki da sule da sisi, kafin naira ta shigo a watan Janairun 1973. Shekaru masu yawa abincin ranarsa daga bakin tasha yake zuwa, don haka ya daɗe yana ma'amala da 'yan aike. Wata rana cikin bazara ya je Gashuwa wurin babban ɗansa, wanda ke koyarwa a wata makaranta. Matar ɗan ta tafi ganin gida, sai ɗan ya buga waya ya sa a kawo musu shinkafa da miya da soyayyen kifi, ya tura kuɗin nan take ta wayar. Bayan kamar rabin sa'a yaro ya yi sallama, rigarsa sharkaf da gumi, ya miƙa abinci, aka ce masa an gode, ya hau kekensa ya tafi.

Dattijo ya bari har aka buɗe kwano, sa'an nan ya ce, "Me ka ba yaron nan?"

Ɗan ya ce, "Baba, ai na riga na biya ta waya, har da kuɗin kawowa."

Ya ce, "Wa ka biya?"

Ya ce, "Mai abincin."

Dattijo ya ce, "To, madalla, ita ta ga kuɗinta. Shi da ya keto ranar nan fa, wa ya gan shi?"

Ɗan nasa ba marowaci ba ne, kuma hujjojin da ya kawo ba na yarwa ba ne. Ya ce da farko an riga an lissafa kuɗin kawowa cikin farashi, biya biyu kuwa ɓarna ce. Na biyu, tun da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 albashi ba ya kai wata, mai ɗaukar albashi ma neman mai tausaya masa yake yi. Na uku, wanda ya fi nauyi, ya ce idan jama'a suka saba da ba masu hidima ƙari, masu gidajen abinci za su fake da wannan su ƙi biyan yaransu abin kirki, su ce ai kuna samu wurin masu saye.

Wannan hujja ta ƙarshe tana da shaida a duniya. A Amurka dokar tarayya ta yarda a biya ma'aikacin da ke samun irin wannan kyauta dala 2.13 kacal a sa'a, adadin da bai motsa ba tun 1991, alhali mafi ƙarancin ladan sauran ma'aikata dala 7.25 ne tun 2009. Sai idan abin da ya tara bai cike giɓin ba ne doka ta ce maigidansa ya cika masa. Shi ya sa a can aka ɗora wa mai cin abinci ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, har wanda bai bayar ba ake masa kallon ya ci haƙƙin wani. Wato abin da ya faro da sunan alheri ya koma albashi, nauyin maigida ya sauka a wuyan baƙo. A Faransa kuwa kuɗin hidima yana cikin farashin da aka rubuta, wanda ya ga dama ya bar 'yan canji. A Japan ba al'ada ba ce sam, ma'aikaci yakan ma bi mutum ya mayar masa da abin da ya bari. A Ingila sai da aka kafa doka, wadda ta fara aiki ran 1 ga Oktoban 2024, don a hana masu gidajen abinci taɓa abin da baƙi suka bar wa ma'aikata.

Dattijon bai taɓa zuwa ɗaya daga cikin ƙasashen nan ba, amma da ɗansa ya kwashe labarinsu ya gaya masa, sai ya ce duk rikicinsu ya samo asali ne daga haɗa abubuwa uku da Bahaushe ya raba wa kowanne suna. Akwai farashi, shi ne kuɗin abincin, na mai tukunya ne. Akwai lada, shi ne haƙƙin wanda ya yi aiki, kuma a wuyan wanda ya ɗauke shi aikin yake, ko an samu ciniki ko ba a samu ba. Sa'an nan akwai tukwici, wanda ba bashi ba ne a kan kowa, shaida ce kurum cewa an ga wahalar mutum. Idan mai abinci ta hana yaronta lada don ana ba shi tukwici, ta ci amana. Idan mai saye kuma ya hana tukwici don yana zaton ana biyan lada, ya kamata ya fara bincikawa ko zaton nasa gaskiya ne.

A nan ne maganar ta yi nauyi. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 a wata, wato misalin naira 2,300 a rana. Amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Bukkar tuwo a bakin tashar Nguru ko shagon abinci a Gashuwa kuwa da wuya ya tara mutum goma. Ke nan yaron da ke yawo da kula da yarinyar da ke wanke faranti suna wajen inuwar doka. Abin da suke samu ya rataya ne ga yarjejeniyar baki da imanin mai wurin, wani lokaci ma ladan bai wuce abincin da za su ci da ɗan abin sabulu ba.

Akwai kuma wata ɓarna da zamani ya yi ba da gangan ba. A da, idan yaro ya kawo abinci, hannu da hannu ake biyansa. In canji ya rage, kwabo ɗaya ko biyu, sai a ce riƙe. Ba a ma ɗauke shi wani abu ba, amma yaro yakan tara shi ya ɗinka rigar Salla. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin sauya fasalin naira, mutane suka saba da tura kuɗi ta waya, ko a ƙauye. Kuɗin da aka tura yana tafiya ne kai tsaye asusun mai shago, ba ya bi ta hannun ɗan aike, kuma ba ya barin canji. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a daina ba yara tukwici, hanyar da yake bi ce aka toshe, mutane kuma ba su ankara ba.

Da ɗan ya ce, "To Baba, nawa ke nan ya kamata a riƙa bayarwa?" sai dattijo ya ba shi ma'aunin da ya yi aiki da shi tun yana saurayi. Ya ce wanda ya kawo abinci gida, a auna tafiyarsa, kada a auna kwanon. Nauyin tuwon naira 1,000 da na kazar naira 10,000 a bayan keke kusan ɗaya ne, rana ɗaya ce ta doke su. Saboda haka a duba abin da mutum zai biya mai Keke Napep da shi ne zai je ya ɗauko da kansa, a ba yaro misalin wannan, ko rabinsa idan an riga an biya kuɗin kawowa. In cikin watan Afrilu ne ko Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a wannan yanki, ko cikin ruwan sama, ko da azumi a bakin yaro, ko bayan isha'i, sai a ƙara. Kuma kafin kuɗin, a miƙa masa ruwa ya sha.

Wanda ya zauna a gidan abinci kuwa aka yi masa hidima, aka kawo masa ruwan wanke hannu, aka share tebur, to ushirin nan na kakanni bai tsufa ba. Mai abincin naira 2,000 ya bar 200, wanda ba shi da hali ya bar abin da ya sawwaƙa, daidai ruwa daidai tsaki. A manyan otal inda ake rubuta kuɗin hidima a takardar biya, babu laifi mutum ya tambaya ko kuɗin nan na isa ga ma'aikata, kada kuma ya rikita shi da harajin kaya na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda na gwamnati ne. Abu mafi muhimmanci shi ne a sa tukwicin a hannun mai shi, cikin sutura, ba tare da shela ba. Wanda ya saba biya ta waya ya riƙa ajiye 'yan ɗari bibbiyu a gida domin wannan.

Dattijon ya kuma ja kunne a kan iyakar abin. Tukwici bayan aiki yake zuwa, kuma ba a roƙonsa. Duk abin da aka bayar kafin aiki don a tsallake layi, ko wanda ma'aikaci ya tsaya ya ce sai an ba shi, ya canja suna ko da an kira shi na goro. Ya ce a zamaninsu na tasha sun san bambancin ɗan dako da aka ƙara wa taro don ya sauke buhu lafiya, da wanda ake toshe wa baki don kayan wani su riga na wani shiga tarago. Na farko yana gyara zumunci, na biyu shi ya lalata wurare da yawa.

Ga masu cewa wannan ɗabi'ar Turawa ce ake son shigo da ita, amsa tana cikin kasuwa. Babu Bahaushe ko Babarbare ko Babade da zai sayi tumatir ko ƙuli-ƙuli bai ce a yi masa gyara ba, mai sayarwa kuma ya ƙara masa ba tare da ɓacin rai ba. Jama'ar da ta san karɓar gyara daga hannun talakan da ke kasa kaya a rana, ba za ta ce ba ta san miƙa ƙari ga talakan da ya kawo mata abinci inuwa ba. Gyara da tukwici 'yan uwan juna ne, ɗaya na fitowa daga mai sayarwa, ɗaya daga mai saye, su ne ke sa ciniki ya zama hulɗar mutane.

Saura kira ga masu gidajen abinci na Nguru da Gashuwa da sauran garuruwa. Ku yanka wa yaranku lada sananne, ku biya su a kan kari, kuɗin kawowa da kuke karɓa ku ba wanda ya kai, abin da baƙo ya miƙa musu kuma kada ku sa shi a lissafi. Yawancin yaran nan almajirai ne da 'ya'yan marasa ƙarfi waɗanda suka zaɓi aiki a kan bara. Idan suka ga gumi yana biya, za su riƙe sana'a, wataƙila gobe su ne masu shagon. Idan suka ga ba ya biya, ba a san inda za su nufa ba, jihar da ta sha wahalar tashin hankali kamar Yobe kuwa ba ta bukatar a yi mata dogon bayani a kan wannan. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Allah ya sa a gane.