Kafin Ka Ce wa Yaronka Lakros Ya Fi Ƙarfinmu

'Yan uwa iyaye, musamman mu da Allah ya zaunar a Maryland da jihohin da ke maƙwabtaka da ita.

Da sanyi ya fara ja da baya, wajen ƙarshen Fabrairu zuwa Maris, yaranmu kan shigo gida da takardar rajistar wasan lakros, suna ta zumuɗi don abokansu na aji sun shiga. Uba ya buɗe waya ya duba kuɗin kaya, ya ga hular kwano kaɗai ta haura dala 200, ga sanda, ga safar hannu, ga sulken ƙirji. Sai ya ajiye wayar ya ce, "Wannan wasan 'ya'yan masu hali ne, je ka buga ƙwallon ƙafa." Na ji wannan magana a bakin iyaye da yawa, kuma tana damuna, domin ƙofa ce ake rufe wa yaro alhali da mabuɗi a hannu. Ana iya haɗa wa ɗan koyo kaya da kuɗi kaɗan, muddin an san inda za a tsuke aljihu da inda ba a yi wa rowa.

Mu fara da zancen cewa wasan na masu kuɗi ne. Asalinsa na 'yan asalin nahiyar nan ne, irin su al'ummar Haudenosaunee da ke arewacin jihar New York da kudancin Kanada, waɗanda har gobe suke ganinsa kyauta ce daga Mahalicci. Da hannu suke sassaƙa sandarsu daga icce, su lanƙwasa kanta, su saƙa mata raga. Sai a 1867 wani likitan haƙori na Montreal, William George Beers, ya tsara dokokin da wasan zamani ya ginu a kansu, kuma a 1970 kamfanin STX na nan Baltimore ya fito da kan sanda na roba. A 1975 ƙungiyar Jami'ar Morgan State, jami'ar baƙar fata da ke cikin garin nan, ta doke ta Jami'ar Washington and Lee, ɗaya daga cikin gwanayen lokacin. Jihar Maryland ta ayyana lakros a matsayin wasan ƙungiya na jiha a 2004, kuma zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, bayan rabonsa da zama wasan lashe lamba a can tun 1908. Yaron da ya tashi a wannan yanki yana da haƙƙi a filin nan kamar kowa.

Shawarata ta farko: kada ka sayi komai sai ka yi magana da koci. Akwai bambanci babba tsakanin ƙungiyar unguwa, wadda yawanci iyaye 'yan sa-kai ke gudanarwa, da kulob mai yawon gasa jiha-jiha, wanda kuɗinsa kan kai dubban daloli a shekara. Ɗan koyo ba shi da abin yi a kulob irin wannan. Ƙungiyoyin unguwa da dama suna da rumbun kayan aro, wasu suna rage kuɗin rajista ga wanda ya nema, wasu kuma suna shirya ranar gwaji inda yaro zai riƙe sanda kyauta ya ji ko ransa ya kwanta. Akwai ma ƙungiya irin Harlem Lacrosse da ke aiki cikin makarantun unguwannin marasa ƙarfi, har da nan Baltimore. Mu mutane ne masu jin nauyin tambaya, amma a nan babu abin kunya. Su kansu kociyoyin yara suke nema, kuma an ce matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, a san cewa wasan maza daban, na mata daban. A na maza ana bangaza ana dukan sanda, don haka namiji na buƙatar hular kwano, safar hannu, sulken kafaɗa da ƙirji, abin kare gwiwar hannu, robar haƙora, da abin kare gaba. Na mata ba a yarda da bangaza ba, shi ya sa mafi yawan abin da ake nema shi ne sanda, tabarau mai waya na kare ido, da robar haƙora, sai fa mai tsaron raga. Kayan 'ya mace sun fi sauƙi ƙwarai. Amma kada a miƙa mata sandar yayanta, domin aljihun ragar sandar maza ya fi zurfi, alƙalin wasa ba zai bari ta shiga da ita ba.

Inda za ka tsuke aljihu shi ne sanda, safar hannu, abin gwiwar hannu da takalmi. Cikakkiyar sandar koyo, da ragarta a saƙe, ana samunta sabuwa a kusan dala 50, kuma ta wadatar har yaro ya ƙware. Saya wa wanda bai iya cafe ƙwallo ba sandar dala 200 kamar ba wanda bai iya riƙe linzami ba ingarman doki ne. Sandar da yawancin manyan maza ke riƙewa inci 40 zuwa 42 ce, ƙananan yara kuwa an yarje musu wadda ta fi haka gajarta, don haka idan ta yi masa tsawo, tambayi koci a rage gindinta da zarto a mayar da murfin roba. Takalmin ƙwallon ƙafarsa ma ya isa, in dai ƙusoshinsa na roba ne.

Sauran kuwa, gwanjo. Akwai shagunan Play It Again Sports, akwai SidelineSwap a intanet, akwai kasuwar Facebook. Lokacin da ya fi daɗin saye shi ne ƙarshen kakar wasa, wajen Mayu da Yuni, sa'ad da iyayen da 'ya'yansu suka girma ke neman mai kwashe musu kaya daga gareji. Idan ka ɗauki safar hannu ta gwanjo, juya ta ka dubi tafin, can take fara mutuwa. Zura yatsanka tsakanin babban yatsa da manuni, in ya ɓullo waje ka ajiye ta. Wari kuwa ba aibi ba ne, ruwan sabulu da shanya suna maganinsa. Sanda kuma, ɗaga ta saitin ido ka ga ko ta karkace, ka matsa gefunan kan da tafin hannu biyu. In ka ji ya yi laushi ko ka ga farin layin tsagewa a wuyansa, bar shi. Tsohuwar raga ba matsala ba ce, manyan 'yan wasan sakandare kan sake saƙa ta da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Yanzu ga inda nake roƙon ku da girman Allah kada a yi ciniki: kai da zuciya.

Ƙwallon lakros curin roba ce mai tauri, nauyinta wajen giram 145, kuma da gudu take zuwa. Idan ta bugi ƙirji daidai saitin zuciya a wani ɗan taƙin lokaci na bugawarta, zuciyar na iya rikicewa ta daina tura jini nan take, ko da yaron lafiyarsa ƙalau. Abin ba ya yawan faruwa, amma ya faru. A shekarar 2000 wani mai tsaron raga ɗan shekara 14 ya rasu ta haka a Long Island, kuma fafutukar iyayensa ce ta sa jihar New York ta wajabta ajiye na'urar farfaɗo da zuciya a makarantun gwamnati a 2002. Daga baya hukumar NOCSAE, mai tsara ma'aunin ingancin kayan kariya, ta fitar da ma'auni na musamman don sulken ƙirji, mai suna ND200. An wajabta shi ga masu tsaron raga daga 2021, ga sauran 'yan wasa maza daga 2022. Ma'anar wannan a kasuwar gwanjo ita ce, akwai tsofaffin sulke da yawa masu kyan gani da araha waɗanda aka yi kafin dokar. Buɗe cikin sulken ka nemi tambarin wannan ma'auni. In babu, ko kyauta aka ba ka kada ka sa wa ɗanka.

Haka hular kwano. Idan da hali, sabuwa ko ta aro daga ƙungiyar da ke duba kayanta. Idan dole sai gwanjo, nemi tambarin NOCSAE da ranar ƙira, ka bi jikinta da yatsa kana neman tsaga, ka danna soson ciki ka ga ko zai dawo, ka duba wayar fuska ko ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa. Wadda ta kwana biyu sosai, haƙura da ita. Robar haƙora kuwa 'yan daloli ce, a tsoma a ruwan zafi yaro ya cije ta ɗauki siffar bakinsa, kuma ba a aronta.

Akwai wata al'ada tamu da ya kamata mu ajiye a nan, ta sayen babba don yaro ya girma a ciki. A riga da wando dabara ce. A hular kwano haɗari ce. Ɗaure masa igiyar haɓa ka ce ya girgiza kai. In hular na yawo ko tana rufe masa ido, ba tasa ba ce. Sulken da ya yi yawa shi ma zamewa yake ya bar zuciyar a buɗe.

Bayan duk wannan, abin da zai sa yaro ya iya wasa ba a shago yake ba. Bango ne da ƙwallo. Kai shi bayan makaranta inda akwai katangar bulo marar taga, ya yi ta jifa yana cafewa, da dama da hagu. Ranar farko bin ƙwallo zai yi ta yi cikin ciyawa yana haushi. Bayan 'yan makonni za ka ji sautin ya daidaita, ka ga ya daina kallon sandar. Tsayuwarka a wurin, ko kai ne mai tsinto ƙwallo, ta fi masa duk wani kaya mai tsada.

A ƙarshe, mu taimaki juna. Yaran nan girma suke yi kullum, kayan da suka yi wa ɗanka bana ba za su shige shi baɗi ba. Wanda yake da sanda ko safa ko sulke mai tambari a ajiye, ya sanar a masallaci ko a taron suna, wani gidan na nema. Wanda yaronsa ya kawo takarda kuwa, kafin ya ce a'a, ya kira koci ya ji abin da za a iya ara. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare su a fili da wajen fili, amin.