Shaidar da Moss Ya Bayar

A cikin shekarar 1958 waɗansu Turawan Ingila biyu, Stirling Moss da Mike Hawthorn, suka yi ta ja-in-ja a kan sarautar tseren mota ta duniya. Moss ya ci tsere huɗu, Hawthorn kuwa ɗaya tak, amma ya cika zuwa na biyu, maki kuwa tarawa ake yi.

A tseren ƙasar Fotugal Moss ne ya zo na ɗaya. Motar Hawthorn ta juya ta mutu, ya gangara da ita ta inda aka fito don ta tashi, ya zo na biyu. Alƙalai suka tuhume shi da karya doka. Sai ga Moss ya zo ya ba da shaida, ya ce a gefen hanya abin ya faru, ba bisa hanyar tsere ba. Aka bar wa Hawthorn makinsa bakwai.

Da aka ƙare tseren ƙarshe a Maroko, Hawthorn yana da 42, Moss 41. Har yau masu sha'awar wasan suna gardama, waɗansu su ce wauta ce. Sun manta mutumin da idonsa ya gani. Moss ya rasu a 2020, bai taɓa samun sarautar ba.