Aski a Gaban Goshi

Hausawa sun ce aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ban ga inda wannan magana ta fi dacewa ba kamar a ƙyanƙyasar ƙwan mesa.

Ƙaramar mesar da nake kiwo a Samaru, irin wadda kan dunƙule kamar ƙwallo idan ta tsorata, 'yar asalin Afirka ta Yamma ce, kuma daga Ghana, Togo da Benin ake fitar da ita zuwa Turai da Amurka. Ƙwanta yakan ɗauki kwana 55 zuwa 60 a zafin digiri 31 zuwa 32, cikin danshi mai yawa. Da ta saka guda bakwai a tsakiyar bazara, na sayo akwatin roba da ma'aunin zafi a kasuwar Sabon Gari, na jera su yadda na same su, domin juya ƙwan maciji yana iya kashe abin da ke ciki.

Makonni bakwai suka wuce lafiya. Daga nan sai ɓawon, mai laushi kamar fata, ya fara loɓawa. A nan wahalar take: alamar kusantowar ƙyanƙyasa tana kama da alamar lalacewa. A wannan mataki 'ya'yan suna buƙatar ƙarin iska, jikinsu yana fitar da ɗumi, don haka zafin rana ɗaya yana iya halaka su.

Guda shida suka tsaga ɓawonsu da ɗan haƙorin da ake halittarsu da shi domin wannan aiki kaɗai. Suka leƙo, suka koma ciki suna ƙarasa shanye gwaiduwa. Na bakwai bai motsa ba. Wani abokina mai kiwon kaji ya matsa in yanka shi, amma almakashin da ya riga lokaci yakan tsinke jijiyoyin jinin da ke shimfiɗe a ƙarƙashin ɓawo. Na jira. Da wa'adi ya wuce, likitan dabbobi ya buɗe shi: halitta ta cika, zanen fata ya fito, sai dai cibiya ta murɗe, ta raba shi da abincinsa tun kwanaki.

Uwar mesa a daji takan nannaɗe ƙwanta wata biyu ba ta cin komai, ba ta kuma fasa ko ɗaya. Mai kiwo yana iya tsare zafi da danshi. Fitowa kuwa, aikin mai fitowa ne.