Ranar da kwamfuta ta ƙi, 'yan kallo su ka yi waƙar

Akwai wani matashi a unguwar Kurna a Kano wanda sana'ar sa ita ce tura waƙoƙi da finafinai a waya. Shagon na kawun sa ne. A shekarun 2000 kaset kawun ke sarowa daga Kasuwar Ƙofar Wambai ya sayar a nan, kuma har yau akwai kwali biyu na tsofaffin kaset a ƙarƙashin tebur da ya hana a zubar.

Kullum bayan la'asar majalisa ke cika a ƙofar shagon, kuma musun su ɗaya ne: a ina ake gane mawaƙi, a albam ko a dandali? Masoya nanaye su ce albam ne, domin idan Nura M. Inuwa ko Umar M. Shareef ya saki sabo, sai ka kwana ka na bin baitocin ɗaya bayan ɗaya. 'Yan hip-hop, masu son su Classiq da DJ AB, su ce ai sai ka ga mutum ya riƙe taro da bakin sa. Mai son bege ya ce ba abin da ya kai majalisin da ake kaɗa mandiri kowa na amshi. Shi kuwa matashin, ɗan albam ne na gani-kashe-ni. Ya na da gwanin sa, wani mawaƙin fim da ya haddace waƙoƙin sa kaf.

Kawu ba ya cika sa baki. In an matsa masa sai ya ce, "Yaro, mawaƙin da ba ka ji shi a gaban jama'a ba, ba ka san shi ba tukuna." Daga nan sai labarin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999: yadda zai tsaya tsakanin makaɗan kalangu da 'yan amshi, wani ya shigo fili, nan take ya saka shi a waƙa. Shi ya sa ko Bakandamiya ba iri ɗaya ba ce a kowane kaset. Ya kan ambaci Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, wanda kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ishe shi ya riƙe taro, da Barmani Choge, da ta rasu a 2013, wadda ƙwarya da muryar ta kawai ke tayar da gidan biki.

Maganar ta daɗe ta na cin matashin a rai. Don haka da aka sanar da cewa gwanin sa zai yi wasa a wata gala ta Ƙaramar Sallah, sai ya fasa asusu ya sayi tikiti biyu, kuɗin da ya kai cinikin sa na kusan mako guda. Ya ce, "Kawu, yau za ka ji da kunnen ka." Majalisa kuwa aka ce a dawo da labari.

An ce ƙarfe takwas, gwani bai hau dandali ba sai goma ta gota. Ba makaɗi ko ɗaya a bayan sa, sai DJ da kwamfutar sa. Aka saki kiɗa, murya ta fito tas, daidai da ta albam, ko numfashi bai bambanta ba. Matashin ya taɓa kawu: "Kawu, ka ji murya?" Kawu ya ce, "Na ji. Ita yarinyar da ke amsa masa, a ina ta ke tsaye?" Babu mace a dandalin.

A tsakiyar waƙa ta uku sai kwamfutar ta sarƙe. Kiɗa ya ɗauke, murya ta ɗauke, amma lasifika na aiki. Gwani ya yi ƙarfin hali ya ci gaba da bakin sa. Abin da ya fito wata siririyar murya ce mai haki, wadda ta kasa hawa inda ta albam ke hawa. Bai gama baiti ba ya miƙa wa jama'a makirfo. Wallahi sai ga fili gaba ɗaya, maza da mata, sun ɗauki waƙar daga inda ta tsaya har ƙarshe, ba kiɗa, ba kuskuren kalma ko ɗaya.

A cikin adaidaita-sahu matashin ya yi shiru, ya na jiran gori. Kawu bai yi ba. Cewa ya yi, "Waƙar ta na da kyau, wanda ya tsara ta ya iya magana. Ban taɓa ganin taro ya haddace waƙa haka ba. Sai dai fa, yaro, kuɗin mu mu ka biya mu ka yi wa kan mu waƙa."

To, mai karatu, laifin wa? Tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ya shiga sitidiyoyin Kano, salon aikin ya canza. Mawaƙi na ɗora murya baiti-baiti, in ya kuskure ya sake, mai haɗa sauti ya ɗinke su, manhaja irin su Auto-Tune ta miƙe abin da ya karkace. Wannan ba zamba ba ce, haka ake yin albam a ko'ina a duniya. Bin waƙa da baki a cikin fim ma ba zamba ba ce: kowa ya san Lata Mangeshkar ce ke rerawa jaruma na motsa leɓe, kamar yadda aka san muryoyin su Misbahu M. Ahmad da Fati Nijar ne a bakin 'yan wasan mu. Amma dandali daban ne. Wanda ya sayi tikiti ya riga ya mallaki albam a wayar sa. Abin da ya zo nema shi ne muryar mutum da gumin sa. Gaskiya ne ɗaukar makaɗa da yin atisaye na cin kuɗi, kuma masu shirya gala sun fi son abin da ya fi arha. Amma in haka ne, sai a faɗa wa jama'a tun kafin su biya.

Washegari majalisa ta yi ta tsiya, matashin ya shanye. Da dare ya jawo kwalin nan, ya ari tsohuwar rikoda, ya saka wani kaset na Shata da aka ɗauka a filin wasa. Sautin ba shi da tsabta: ga guɗa, ga tari, ga hayaniyar masu liƙi. Amma ya ji abin da kawu ke faɗa, mutum na ƙirƙirar waƙa a gaban idon jama'a, ba damar cewa a sake. Ya juye kaset ɗin a kwamfuta, yanzu har samari na zuwa a tura masu.

Bai daina son gwanin sa ba, sabon albam ɗin sa ma shi ya fara tura wa mutane a unguwar. Kawu kuma an kama shi sau biyu ya na rera waƙar nan a hankali ya na gyara tebur. Abin da ya canza ɗaya ne: kafin matashin ya sake sayen tikiti, sai ya tambaya, "Da makaɗa ne, ko da faifai?"

Mawaƙan mu, ku ji tambayar nan da kyau. Gyara kayan ka ba ya zama sauke mu raba.